Rijiyar Baffa Talle

A littafin awon kaya na rubuta shi,
tsakanin kafaɗar Alhaji Ilu da tsawon wandon wani yaro,
da daddare, bayan na rufe keke.
Shafi goma sha ɗaya. Labarin Baffa Talle,
mai haƙar rijiya, wanda ƙasa ta rufta da ƙanensa a gaba goma sha biyu,
ya fito shi kaɗai,
bai sake cewa uffan ba har ya koma ga Allah.
Duk labarin shirunsa ne.
A takarda shiru ba shi da wuya:
ka bar layi biyu babu komai, mai karatu ya faɗa ciki.

Malaman firamare suka fara ara.
Ranar raba sakamako, a gindin darbejiya,
suka kwantar da tayar tarakta, suka ce ga rijiya.
Sagiru ɗan aji shida, da gemun auduga,
ya tsuguna ya yi shiru yadda na rubuta.
Shirun bai kai numfashi uku ba
wata akuya ta amsa daga bayan aji,
mata suka kwashe da dariya har da riƙe ciki.
Na koma gida ina cin magani.
Uwani ta ce, to ai sun zo, sun kuma zauna har ƙarshe.

Sai mutanen talabijin daga Dutse,
da farar mota, da faifan azurfa mai juya rana.
Suka zo da nasu Baffa Tallen,
dogo, wankan tarwaɗa, tafin hannu kamar tuwon shinkafa.
Na ce, wannan bai taɓa riƙe dagi ba.
Darakta ya ce, Malam, kyamara ba ta cin shiru,
dole ya yi magana ko da a mafarki ne.
Suka ba shi jawabi mai tsawon igiyar guga,
suka ɗiga masa hawaye daga kwalba,
suka ta da ƙanen a kashi na huɗu,
wai masu kallo ba za su yafe ba.
Ban gaya musu ƙanen nan ubana ne ba.
Na karɓi kuɗina, na yi wa shago rufin kwano.
Ranar da aka nuna a gidan kallo na Jahun
a bakin ƙofa na tsaya, ina ta sayen gyaɗa.

Ta ukun 'yar ƙanwata ce, Hansatu,
da ta zo hutu da waya mai tsagaggen gilashi.
Ta ce, Kawu, na kunne za mu yi, ba hoto.
Na ce, mutumin da ba ya magana,
ta ina kunne zai gan shi?
Ba ta tanka ba.
Da asuba ta ɗaure wayar a cikin guga,
ta zura ta tsohuwar rijiyar bayan masallaci,
gaba ɗaya, gaba biyu,
igiya na kuka a jikin itace.

Da yamma ta cusa min abin a kunne.
Na ji zakara yana nisa, yana ƙara nisa.
Na ji ɓurɓushin ƙasa na zuba.
Muryoyin masu ɗiba suka koma kamar magana cikin tulu.
Sai ɗis.

Sai babu.

Sai ɗis.
Can ƙasa, wani numfashi,
ban sani ba ko iska ce, ko nawa ne.

Ban san na miƙe tsaye ba.
Shekara talatin ina cewa na san shirun Baffa,
ashe daga sama nake leƙensa,
ban taɓa sauka ba.

Yanzu direbobi na sa shi a mota ranar kasuwar Gujungu.
An ce idan aka zo wurin nan
har mai kaji na kujerar baya yakan kama bakinsa.
Littafin awon yana nan ƙarƙashin almakashi.
Jiya na buɗe shi neman kafaɗar Alhaji Ilu,
na ci karo da layuka biyun da na bari,
na ɗan jima a kansu,
sannan na zura zare a allura.